Ƙwari Uku a Gonar Wake

A wani ƙauye da ke gindin dutse, akwai wani manomi da ya shuka wake a bayan gidansa. Waken nan shi ne abincin iyalinsa na rani, daga cikinsa kuma zai ɗebi irin baɗi. Da shukar ta tsiro ta yi ganye huɗu-huɗu, sai wata safiya ya tarar ganyen ya huhhuje kamar rariya.

Ya sunkuya ya duba, ya ga waɗansu ƙananan jajayen ƙwari a kan ganyen. Ya ce, “Ashe ku ne!” Ya ɗauko ƙwarya da ruwan toka, ya bi kunya-kunya yana tsince duk ƙwaron da ya ga ja yana jefawa ciki. Kwana uku yana wannan aiki, har bayansa ya ƙage.

A rana ta huɗu hujin ya ƙaru. Ga kuma sabuwar masifa: darɓa ta kama ƙarƙashin ganyen, ƙananan halittu kamar ƙwarƙwata, suna tsotsar shukar har ta yi danƙo ta nannaɗe.

Ya tambayi maƙwabcinsa na gabas, ya ce masa baƙin ƙwaro ne mai ɓarna, ja ba ruwansa. Ya tambayi na yamma, shi kuwa ya ce ja ne, ai da idonsa ya gani. Mutumin ya koma gona, ya ga baƙi a kan ganye mai huji, ga ja kusa da shi, sifarsu ɗaya. Can gefe kuma ga wani jan mai ɗigo-ɗigo. Ya tsaya riƙe da ƙwarya, ya rasa wanda zai kama.

Matarsa ta ce, “Maigida, jiya ka ce ja ne maƙiyinmu, ɗazu ka ce baƙi. Yanzu kuma wanne ne?”

Ya ce, “Ni ma ban sani ba. Na kashe ja, abin ya ƙara lalacewa. In na kashe baƙi, ban san abin da zai biyo baya ba.”

To, akwai gwaggonsa, tsohuwa, wadda ta daina riƙe fartanya tun tuni. Ta ji maganarsu daga inuwar rumbu, ta ce, “Ɗana, ka taɓa ganin abin da kowannensu yake ci?”

Ya ce, “Gwaggo, yaya zan gani? Da na matso sai su faɗo ƙasa, su yi kamar sun mutu.”

Ta sa ya kawo ƙoƙo uku. A kowanne ya sa lafiyayyen ganye ɗaya da ganye mai darɓa ɗaya. Ya sa ja a na fari, baƙi a na biyu, mai ɗigo a na uku, ya rufe su da faifai.

Da la'asar ya buɗe. Ja ya huda ganye. Baƙi ma ya huda. Mai ɗigon nan kuwa bai taɓa ganye ba, darɓar ya cinye ƙaƙaf. Sai a lokacin mutumin ya lura cewa na fari da na biyu iri ɗaya ne, masu dogayen ƙahoni, launi kaɗai ya raba su. Na uku kuwa dunƙulalle ne kamar rabin ƙwayar wake, ƙahonsa gajere.

Ya zauna a ƙasa ya ce, “Wayyo! Kwana uku ina kashe masu gadina tare da ɓarayina.”

Kashi ɗaya cikin uku na gonar ya riga ya tafi. Sauran ya tsira, domin daga ranar ya san wanda zai tsince da wanda zai bari.

Ga ma'anar wannan misali, ’yan'uwa. Gonar ita ce zuciyarka. Ƙwarin su ne mutanen da suke taɓa maganar laifinka. Mai tsegumi da mai gargaɗi sun yi kama ƙwarai, gama dukansu biyu kuskurenka suke ambata. Mai tsegumi kuma ba kamanni ɗaya yake zuwa da shi ba. Yau ya zo da fushi, gobe ya zo da murmushi yana cewa, “Mu sa wance a addu'a,” alhali asirinta yake tonawa. Mai gargaɗi kuwa yakan zo wurinka kai kaɗai, maganarsa da zafi, amma zunubinka yake so ya kawar, ba sunanka ba.

Da yawa a cikinmu, da zarar an ɓata mana rai, sai mu kori kowa gaba ɗaya. Kada ka yi garaje. Ka dakata, ka roƙi Ubangiji hikima, ka ga abin da maganar mutum take bari a bayanta. In kuwa akwai ɗan'uwan da ya gaya maka gaskiya ka daina gaishe shi, yana nan cikin ikilisiyar nan, wato taronmu na coci. Kada ka tafi gida yau sai ka same shi.