Birkin da Aka Saya wa Motar Garba

An yi wani mutum a Dutsin-Ma wanda ya yi sanadin mutuwar mutum uku, ya kuma gurgunta yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, alhali a ranar ko ƙofar garejinsa bai fita ba. Abin ya faru a ranin 1965, a kan hanyar Kurfi. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana raye, kuma 'ya'yansa ba su yi wa kowa laifi ba.

Bakanike ne, kuma gwani. Direbobi sun shaida cewa da kunne yake gane ciwon inji tun bai ɗauki sifana ba.

Shekara guda kafin nan ya sayi wata ƙaramar mota daga hannun wani Bature da zai koma gida. Ba don haya ya saye ta ba. Akwai wani fako mai faɗi wajen Kutawa inda ko ciyawa ba ta fitowa. Masu mota uku ko huɗu suka jera duwatsu suka yi da'ira, duk Lahadi da rani sai su je su yi tsere. Wanda ke cinyewa kullum shi ne Sabitu, ɗan wani ɗan kwangila daga Kurfi. Babu abin da ake ci a wurin sai suna.

Ran da mutumin ya fara shiga, na ƙarshe ya zo. Sabitu ya faɗa a gaban mutane cewa motar tana shan kwana kamar jaka mai ciki. Aka yi dariya.

Daga ranar bai ƙara samun zama ba. Ya cire ƙafafun motar ya sa masu faɗi da sababbin tayoyi. Ya koma fako, ya zo na uku. Ya ƙara wa sifirin ƙarfe don ta daina kwantawa a kwana. Ta yi tauri da yawa, ya kwance, ya kai maƙera aka sake lanƙwasa ƙarfen, ya mayar. Ya rage mata tsayi. Ya fitar da kujerar baya. Ya zo na biyu. Ana kiran azahar yana ƙarƙashinta, ana kiran la'asar yana nan. Motocin mutane suna jere a bakin gareji suna jira. Matarsa Huseina ta ce ko abinci a tsaye yake ci.

Saura birki. Ya lura Sabitu bai fi shi gudu ba. Abin da ya fi shi kawai shi ne yana dosar kwana a guje, sai dab da ita ya taka. Shi kuwa takalman birkinsa, wato ƙarafunan da ke kama ƙafa daga ciki, sun cinye, dole tun daga nesa yake rage gudu. Ya aika Katsina, aka ce babu.

A makon nan yayansa Garba ya shigo. Garba direba ne, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi a wata mota mai bodin katako. Kamfani ɗaya ya ƙera ta da ta ƙanen, kayansu suna shiga juna. Ya dawo daga Kano ke nan da sababbin takalman birki da gwangwanin man birki, ya ce a sa masa.

Ya 'yan uwa, duk wanda ya san tasha ya san al'adar direbobi. In ka kai gyara, ka zauna a benci kana kallo har a gama. In ba za ka zauna ba, to idan ka dawo a miƙa maka tsohon abin da aka cire, ka gani da idonka. Garba bai zauna ba. Wa ke gadin ƙanensa? Ya ajiye kayan ya tafi bikin suna a Shema.

Mutumin ya ɗaga motarsa ta tsere, ya sa mata sababbin takalman, ya ɗura mata man har gwangwanin ya ƙare. Motar Garba ko ƙafa ɗaya bai kwance mata ba. Da ya ga man birkinta ya yi ƙasa, sai ya cika shi da ruwan sabulu, irin dabarar da direba ke yi in ya lalace a daji don ya lallaɓa zuwa gari.

Da yamma Garba ya dawo. Tun bai tambaya ba ƙanen ya miƙa masa tsofaffin takalma. Na motar tseren ne.

"Ga su nan, Yaya. Dubi yadda suka cinye."

Garba ya juya su a hannu, ya taka birki ya ji ya kama, domin ruwan da sanyinsa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Da ni kaɗai ne da sauƙi, mutane nake ɗauka." Ya tura su ƙarƙashin kujera ya tafi.

Daga baya mutumin ya gaya wa alƙali cewa aro ya yi. Niyyarsa ya yi tsere Lahadi, Litinin ya mayar. Ranar Lahadi Sabitu bai zo ba, aka ɗaga zuwa ta gaba. Litinin ta zo ta wuce. Garba ya bi ta gaban garejin ya danna masa ham, ya ɗaga masa hannu. Mutumin ya ce wa ransa kwana bakwai ne kawai.

A rana ta huɗu cikin bakwai ɗin nan Garba ya ɗauko mutum goma sha ɗaya da buhunan gyaɗa. A wani dogon gangare kafin Kurfi yana tafe yana taka birki, ruwan ya yi zafi ya tafasa. A ƙasan gangaren shanu suna ƙetare hanya, mata biyu masu ƙwaryar nono suna biye da su. Ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya kauce wa matan, motar ta faɗa kwazazzabo. Gogo Adama mai sayar da daddawa ta rasu nan take. Wani manomi, Ya'u, da matarsa Ma'u sun cika a hanyar asibiti. Garba ya karye a baya.

Jami'in binciken motoci ya zo daga Katsina, ya kwance ƙafa, ya tarar da takalma sun cinye har ƙarfe. Garba daga gadon asibiti ya rantse sababbi ne, ya ce a duba ƙarƙashin kujera za a ga tsofaffin. Aka duba, aka gani. Tsofaffi a ƙafa, tsofaffi a ƙarƙashin kujera. To ina sababbin? Da kansa, yana ƙoƙarin kare ƙanensa, ya nuna wa 'yan sanda hanyar garejin.

Aka ɗaure mutumin shekara uku. Garejin ya rufe. Motar tseren tana bayan garejin a kan duwatsu, birkin nan ko sau ɗaya bai shiga tsere ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi nufin kashe kowa ba, kuma wannan shi ne abin tsoron. An yi masa dariya sau ɗaya, zuciyarsa ta ƙi kwanciya, har ta kai shi ga cin amana. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki abin da mutane suka ajiye don tabbatar da gaskiya, ya yi ƙarya da shi. Wanda ya ba ka aiki ya juya baya, ba kayansa kaɗai ya bar maka ba, har da rayukan mutanen da ba ka taɓa gani ba. Me ke hannunka yau na wani, wanda kake cewa Litinin za ka mayar? Wa ya yi maka alkawarin Litinin?

Allah ya kiyaye mu daga zuciyar da ba ta ƙoshi da yabo, ya tsare hannuwanmu daga amanar mutane, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mutumin ya fito daga kurkuku bara. Hakkin mamatan uku yana gaban Allah. Sau uku ya je ya durƙusa a gefen tabarmar Garba yana neman gafara. Har ranar da aka buga wannan takarda, Garba bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba.