Mayafin da Majid Ya Yafa Domin Ummi

Akwai wani ɗan daudu a Jidda mai suna Majid, haifaffen unguwar Nuzla, jikan alhazan da suka zo daga Kano da ƙafa. Wasa ne sana'arsa. A bukukuwan Hausawa sai ya yafa mayafi, ya ranƙwafa da sanda, ya zama tsohuwar da ta ratso Sudan a hanyar Makka. Mata su yi dariya har su riƙe ciki, can kuma ka ga suna sharar hawaye.

Ɗakinsa na unguwar Waziriyya kuwa mafaka ne ga irinsa da iyaye suka kora. Shi ke zuwa ƙofar gidajensu yana roƙo: "Ɗanku ne fa, ku bar shi ya shigo." An zage shi, an watsa masa ruwa, bai daina ba.

Abin tausayi, mai roƙa wa wasu ƙofa shi ma tasu a rufe take. Shekara bakwai ke nan da yayansa Saleh ya ce masa, "Halas! Ka zubar mana da mutunci. Kada ka ƙara tako gidan nan."

Sai tsufa ya taɓa mahaifiyarsu, Hajiya Rahamatu. Larabci ya gudu daga bakinta, sai tsohuwar Hausa da jikoki ba sa iya mayar mata. Ta daina cin abinci, kullum tana kiran Innarta da ta rasu tuntuni. Kwana huɗu ko cokali ɗaya bai shiga ba. Likita ya ce in aka ci gaba haka za a rasa ta.

Ƙanwarsu Zakiya ta dubi Saleh ta ce, "Ya akhi, mutum ɗaya ne ya iya maganar kakarmu Inna da waƙoƙinta. A gindin tsofaffi ya girma, ka san shi."

Saleh, mutumin da ko sallama sai ya ga dama yake amsawa, shi ya tuka mota har Waziriyya. Majid ya ɗauko mayafinsa kawai, ya ce, "Yalla, mu je."

Majid ya yafa mayafin, ya shiga ɗakin mahaifiyarsu a ranƙwafe da kwanon kunu a hannu, yana rera waƙar daka da muryar tsohuwa. "Rahamatu, wa ya koya miki ƙin abinci? Buɗe baki!"

Ta buɗe. Cokali ɗaya, biyu, har kunun ya ƙare. Zakiya ta juya baya tana kuka.

Da ya yunƙura zai tashi, tsohuwar ta cafke hannunsa. Da muryarta ta dā ta ce, "Majid, cire mayafin nan in ga fuskarka. Saleh ya ce mini tafiya ka yi. Wace irin tafiya ce ba sallama?"

Majid ya dubi yayansa, sannan ya ce, "Ta yi nisa ne, Ummi. Amma na dawo."

Saleh ya durƙushe a bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Kafin ka rufe wa ɗan'uwanka ƙofa saboda bakin mutane, ka tuna akwai uwar da ke jiransa a ciki. Hukunci na Allah ne, zumunci kuma wajibinka ne. Ku tura wa duk wanda ya yanke nasa, ko zuciyarsa za ta yi laushi.