Laujen Da Ba Shi Da Tambari

Akwai wani maƙeri a wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsun Kochi a ƙasar Japan, sunansa Kuwabara Tatsuji. Lauje yake ƙerawa, kamar yadda ubansa da kakansa da uban kakansa suka yi. A gindin kowane laujen gidansu akwai tambari, wani ɗan kifi mai lanƙwasasshiyar wutsiya. Manomi in ya ga kifin nan ba ya ma taɓa kaifin, biya kawai yake yi.

Tatsuji yana da aboki tun na firamare, Shinoda Masatoshi. Shi wannan ya yi aiki a wani babban kamfanin fatauci a Tokyo lokacin da Japan ke tashe, ya zaga ƙasashe ya sha jirgi. Da ya yi ritaya ya dawo gida, amma girman bai yi ritaya ba. Ko tofu, wato awara, za shi saya sai ya ɗaura nakatai. Na zauna unguwarsu shekaru, ban taɓa ganin wuyansa ba.

Kullum da la'asar sai ya zo maƙera ya haye kujera, ya sha shayin Fumie, matar Tatsuji, ya buɗe karatu.

"Da a ce farashin filaye da hannun jari bai rushe ba a wancan lokacin, Tatsu, da yau da kuɗinmu yen ake sayen mai a duniya. Da a ce ba mu kwashi masana'antunmu mun kai ƙasashen mutane ba, da wayar da ke aljihun kowa tamu ce. Mu muka buɗe musu baki muka koya musu, suka juyo suka ƙwace mana kasuwa!"

"To mun ji," in ji Tatsuji. "Ɗaga ƙafarka, ka taka min awartaki."

Har yaran unguwa suka sa masa suna Da-a-ce. Yana sane, yana kuma yi kamar bai ji ba.

Shekara ashirin da suka wuce, aka kawo wa Tatsuji wani mutum daga ƙasar waje, daga tsibirin Java, a shirin koyon sana'a na shekara uku. Sunansa Darmaji, amma bakin Fumie ya gajarce shi ya koma Daru. Magidanci ne, ya baro mata da 'yar shekara huɗu a gida. Ranar da Fumie ta gane akwai abin da addininsa ya hana shi ci, ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta ce wannan tasa ce shi kaɗai.

To, maƙeran nan suna da al'ada. Maigida ba ya yi wa mai koyo bayani. Ka share, ka fasa gawayi, ka zuba ido, ka saci sana'a da idonka. In ka yi tambaya a harare ka. Tatsuji kansa shekara goma sha ɗaya ya yi a bayan ubansa kafin ya gane lokacin da ake tsoma ƙarfe a ruwa, kuma wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya. Ka yi gaggawa, lauje ya ƙi kaifi. Ka makara, ya tsage.

Daru ya share shekara guda yana kallo, bai taɓa ƙorafi ba. Wata rana Tatsuji ya same shi a bayan maƙera yana duba hoton 'yarsa, sai tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa, ni na sami shekara goma sha ɗaya, wannan bawan Allah biyu suka rage masa. Zai koma gida da me? Da iya shara?

Washegari ya rufe tagogi don wurin ya yi duhu, ya ɗauko lemu nunanne daga kwandon Fumie ya ajiye a gefen wuta.

"Daru, zo nan. Kalli ƙarfen, kalli lemun. In launinsu ya zo ɗaya, ka ƙirga biyu, sai ruwa. Ba uku ba, biyu."

Daru ya tsaya baki buɗe. "Maigida, ni kake gaya wa?"

"Akwai wani Darun a nan? Kama awartaki."

Daga ranar Tatsuji bai ɓoye masa komai ba. Yadda ake haɗa ƙarfe mai tauri da mai laushi, yadda ake jin dukan guduma a kunne, yadda ake wasawa, duk ya zayyana masa da baki.

Da labari ya kai kunnen Shinoda, sai ga shi kamar zai tashi sama.

"Ka haukace ne, Tatsu? Sirrin da kuka gada tun daga uban kakanka ka ɗauka ka ba baƙo a kan lemu ɗaya? Irin wautarku ce ta durƙusar da ƙasar nan! Ka jira, zai koma ya ƙera irin naka a rabin kuɗi, ya buga kifinka a kai, ya kashe ka da ranka."

"Ba zai buga ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Na ga yadda yake share ƙarƙashin teburin da ba wanda ke leƙawa," in ji Tatsuji. "Sha shayinka, yana hucewa."

Shekara uku suka cika, Daru ya koma gida. Fumie ta yi kuka a tashar jirgin ƙasa har tana jin kunyar mutane. Tun daga nan duk sabuwar shekara sai ta aika masa da katin gaisuwa, shi ma ya aiko da nasa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Manoman yankin suka tsufa, 'ya'yansu suka tafi birni, gonakin kan tudu suka koma ciyawa. Waɗanda suka rage suka sayi inji. 'Yar Tatsuji ɗaya tilo, Rie, ma'aikaciyar jinya ce a Osaka, kuma tana son aikinta. Tatsuji ya kai shekara saba'in da shida, kafaɗarsa ta fara yi masa gardama, babu kuma wanda zai miƙa wa guduma.

Abin ya dame shi ƙwarai. Ba yunwa yake tsoro ba. Abin da ke cin ransa shi ne a hannunsa wutar gidansu za ta mutu, kifin nan kuma ya ɓace daga duniya.

Ya ce wa Fumie, "Ranar hutun zuga-zugi na bana zan kashe wuta. Ba kuma zan sake hura ta ba."

Ranar takwas ga Nuwamba ke nan, ranar da maƙera ke goge zuga-zugi su bar shi ya huta, su watsa wa yaran unguwa lemu. Fumie kuwa ba ta jira sabuwar shekara ba, ta zauna ta rubuta wasiƙa.

Ranar ta zo. Aka share maƙera tas, aka jere kwandunan lemu, yara suka cika ƙofar gida suna ihu. Shinoda ya zo da nakatai baƙi, wai ta'aziyya.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Da a ce ka riƙe sirrinka..."

"Da a ce na riƙe shi, da yau da shi za a binne ni. Ɗauki kwando ka taya ni jifa."

Suna cikin watsa lemu sai wata tasi ta tsaya. Wani mutum mai ɗan tumbi da furfura a gefen kai ya fito, wata budurwa na biye da shi ɗauke da doguwar jaka. Lemu ɗaya ya taho saitin fuskarsa, ya cafe shi da hannu ɗaya yana dariya.

"Maigida, har yanzu hannun nan bai mutu ba!"

Fumie ce ta fara ƙwalla ƙara. "Daru! Baban Rie, Daru ne! Kai, dubi yadda ka yi ƙiba!"

"Mama, laifin tukunyarki ne, ita ta buɗe min ciki."

Tatsuji ya tsaya da lemu a hannu. Murna ta cika shi har ya manta yara na jira.

Da aka zauna, Daru ya gabatar da 'yarsa. "Wannan ce Wulan, mai hoton nan." Sannan ya buɗe jaka ya fito da lauje, ya miƙa wa maigidansa da hannu biyu.

Tatsuji ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara, ya aske gashin hannunsa da shi. "Wa ya ƙera?"

"Maƙerarmu. Mu ashirin da takwas ne yanzu. Masu yankan shinkafa daga tsibiri uku suna saye. Suna ce masa laujen Japan, ko da yake a bayan gidana ake yin sa."

Shinoda ya yi tsalle daga kujera. "Ban gaya maka ba! Ban gaya maka ba! Juya shi, duba gindin, za ka ga kifinka!"

Tatsuji ya duba. A daidai inda ake buga tambari akwai ɗan fili an goge shi sumul, babu komai a kai.

"Shekara goma sha bakwai ina barin wurin nan," in ji Daru. "'Yan kasuwa sun matsa min, sun ce in zana kifin da kaina, wa zai sani? Na ce ba a ba ni izini ba. Sana'ar aka ba ni, sunan ba a ba ni ba."

Shinoda ya koma ya zauna a hankali. Ya ɗaga kofin shayi zai sha, ashe babu komai a ciki.

Daru ya gyara zama. "Maigida, wasiƙar Mama ta same ni. Roƙo na kawo. Masu gonakin kwakwar manja suna neman manyan lauzuna masu riƙe kaifi, kuma namu bai kai naka ba, na sani. Muna so a riƙa ƙera waɗannan a nan. Zan riƙa turo maƙera biyu duk shekara su koya. Ita kuma wannan," ya nuna Wulan, "ta ce in ka yarda, ba za ta koma ba."

"Mace?" in ji Shinoda. "A maƙera?"

Wulan ta buɗe masa tafin hannunta, duk kanta. "Tun ina shekara goma sha huɗu, Baba. Ko za mu gwada damtse?"

Fumie ta yi dariya har da riƙe ciki. Shinoda ya mayar da hannunsa aljihu.

Tatsuji ya dubi zuga-zuginsa ya ce, "Yau yana hutu, ba a taɓa shi. Gobe da safe mu gani."

Washegari ya hura wutar da ya ce ba zai sake hurawa ba. Ya rufe tagogi, ya miƙa wa Wulan awartaki, ya koma gefe ya harɗe hannu, bai ce mata uffan ba. Ta haɗa ƙarfe, ta daka, ta lanƙwasa, ta mayar wuta. Sai ta sa hannu a aljihu ta fito da lemun jiya, ta ajiye a gefen wuta.

Ta kalli ƙarfen, ta kalli lemun. Leɓenta ya motsa sau biyu. Sai ruwa.

"Wa ya koya miki wannan?" in ji Tatsuji.

"Babana. Duk wanda ya shigo maƙerarmu, da lemu ake fara masa. Mu ashirin da takwas duk haka muka koya."

Tsohon nan da ba wanda ya taɓa ganin hawayensa ya juya baya yana cewa hayaƙi ne. Babu wani hayaƙi, jama'a, daɗi ne ya yi masa yawa. Ya buɗe akwatin ubansa ya ɗauko ƙarfen tambari, ya ɗora shi a laujen Wulan, ya ce ta buga da kanta. Sannan ya karɓi laujen Daru, ya ɗora tambarin a filin nan da ya yi shekara goma sha bakwai yana jira.

"Wannan ni zan buga," in ji shi. Ya ɗaga guduma, ya sauke sau ɗaya, kifi ya fito raɗau.

Shinoda ya yi gyaran murya. "Da a ce..."

"Wayyo, Masatoshi!" in ji Fumie. "Yau ma?"

"Ku bari in ƙarasa mana. Na yi shekara talatin ina sayar wa duniya kaya, na gaisa da mutum ya fi dubu. Ba wanda ya taɓa hawo jirgi ya zo duba ni. Da a ce ƙasar nan ta yi irin wautar Tatsu tun farko, ta bar mutane a ko'ina maimakon kaya kawai, da ban san inda muke ba yau."

"To ga aiki," in ji Tatsuji. "Dole wani ya cike takardun fitar da lauzunan ta tashar jiragen ruwa, ni kuwa ban iya ba. Ko ka manta?"

"Ni? In manta?" Shinoda ya gyara nakatai. "Kawo alƙalami!"

Yau in ka bi ta layin da safe za ka ji guduma uku suna amsa wa juna. A gefen wuta kuwa kullum akwai lemu ɗaya, Fumie ce ke canza shi in ya fara yamushewa.

Darasi: Ilimin da ka ɓoye tare da kai zai tsufa, wanda ka koyar kuwa zai dawo ya same ka a ranar da ka fi bukata. Girman mutum, ko na ƙasa, ba ya tsayawa a kan abin da ta sayar, yana kaiwa ga mutanen da ta ɗaga. In kuma aka ba ka amana, ka tsaya inda aka tsayar da kai har a ba ka izini. Ku tura wa wanda ya taɓa koya muku sana'a da zuciya ɗaya, ku yi masa godiya tun yana raye.