Naman Bayan da Ba a Karɓa Ba

A zamanin da duwatsun Manipur ba su san hanyar mota ba, an yi wani maharbi cikin zuriyar Singsit ta ƙabilar Kuki, sunansa Letkhosei. Kirarinsa: na cikin gora, mai sawun da damisa ke tsallakewa. Yayansa Ngulkhopao shi ne sarkin ƙauyensu. A al'adarsu, in ƙane ya kashe dabba, naman bayanta na yayansa ne. In yaya ya karɓa, ya shaida ke nan jininsu ɗaya ne.

Wata damina Letkhosei ya tsinci wani baƙo a bakin rafi, zazzaɓi ya kayar da shi, matsattsaku sun cika masa ƙafafu. Mai wa'azi ne daga duwatsun Lushai, yana yawo da labarin Yesu Almasihu. To, ranar kuwa an ɗaure ɗanyen ganye a ƙofar gari don korar cuta, baƙo ba ya shiga ko da kawun sarki ne. Letkhosei ya san da haka sarai. Amma mutum yana nishi a gabanka, ka tsaya kallon ganye? Ya saɓa shi a kafaɗa ya ratsa.

Dattawa suka ce an ɓata tsarin gari. Baƙon yana iya miƙewa aka kore shi. Da yake baƙon ba ya gane gabas da yamma a dajin, Letkhosei ya ce bari ya raka shi tsallaken dutse. Rakiyar nan sai da ta cinye rani. Shi ne ɗan jagora, shi ne tafinta, ƙauye bayan ƙauye, har maganar da yake juya wa mutane ta zauna a zuciyarsa.

Da ya komo, ya harbo aladen daji, ya kai naman baya gaban sarki ya durƙusa.

"Yaya, ga rabonka."

Ngulkhopao bai ko dubi naman ba. Ya ce, "Na rantse gaban kakanni. Tunda ka bar hanyarsu, ɗauki abinka, ba ni da ƙane."

Wallahi da mari aka yi masa da ya fi sauƙi. Letkhosei ya bar ƙauyen, ya haye wani tudu inda ko tsuntsu ba ya kwana. Tsofaffi sun ce inda ya kafa mashinsa nan ruwa ya ɓulɓulo. Ya daɗe shi kaɗai, yana waƙar ibadar da babu mai amsa masa. Sannu a hankali waɗanda aka kora daga ƙauyukansu saboda sabon addini suka riƙa zuwa, aka kafa majami'ar gora, gari ya kafu. Daga nan matasa suka riƙa fita da bishara.

Duk wannan jama'a ba ta rage masa kewa ba. In ya yi kisa, sai ya kai naman baya kan wani falalen dutse a iyakar ƙauyukan biyu ya ajiye. An ce ko ungulu ba ta sauka kansa, nan yake bushewa.

Yana tsoho tukuf mutanen ƙauyensu suka hawo, suka ce sun karɓi addinin, suka roƙe shi ya dawo gida. Sarki dai ya rasu. Letkhosei ya dubi matar yayansa da ke cikinsu.

"Ya taɓa ci, ko sau ɗaya?"

Ta ce, "Bai taɓa ba. Amma duk ranar da ka ajiye sai ya je. Ya zauna gefen dutsen har rana ta karkata, ya dawo ido jajir."

Letkhosei bai koma ba, a tudunsa aka binne shi. Masu ba da labarin sun ce har yau maharbin garin da ke kan tudun ba ya kai naman baya gida. Kan falalen nan yake ajiye shi ya juya, ba ya waiwaye.