Talotalon Miyawa da Rumbun Iri

"To jikokina, ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

An yi wata tsohuwa a ƙasar Meziko, can bayan teku, sunanta Miyawa. Kakannin kakanninta su suka gina birni a kan ruwa, suka jera duwatsu suka yi dala mai matakala, kuma su suka fara noman masara. Sai Turawan Sifen suka zo cikin jiragen ruwa, suka ci ƙasar da yaƙi, suka zauna shekara ɗari uku. Da mutane suka gaji, sai suka tashi neman 'yanci.

Ƙauyen su Miyawa ke ciyar da masu yaƙin neman 'yancin. Wani shugaban sojan Turawa mai suna Baltasar ya ji labari, ya taho zai ƙone rumbun iri na ƙauyen, wanda ke gidan Miyawa. In ya ƙone, ba shuka, sai yunwa.

Miyawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ka bar mana ko ƙwarya guda."

Ya ce, "Kauce, tsohuwa!"

Sai talotalonta ya buɗe bindi ya ce, "Gulu-gulu! Ranka ya daɗe, masara za ka tsaya ƙonawa, ga zinariyar sarakunan dā a binne?"

Baltasar ya ce, "Ina?"

"Gabas da dala. Kakana ya ga an binne ta."

Baltasar ya kwashi sojansa, suka wuni haƙa, suka tarar da fasassun tukwane. Su kuwa matan ƙauye suna ta kwasar iri cikin zannuwa suna hawa dutse da shi.

Washegari talotalo ya ce, "Gulu-gulu! Na tuna, yamma da dala ne." Suka haƙa, sai dutsen niƙa. Mata suna ta kwasa.

Rana ta uku ya ce arewa. Suka haƙa, ba komai. Baltasar ya dawo ya leƙa rumbu, wayam! Ya shaƙe wuyan talotalo ya ce, "Yau da kai za a yi miya!"

Miyawa ta rufe ido. Sai ga ƙararrawa tana kaɗawa, ga mahayi a guje yana cewa, "Yaƙi ya ƙare! Ƙasa ta koma hannun masu ita!"

Baltasar ya saki talotalo, ya hau doki, bai ko waiwaya ba. Miyawa ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja dogon numfashi, ta rungume tsuntsunta tana dariya da hawaye. Da ruwa ya sauka, kowa ya sami abin shukawa.

Shaƙar nan ce ta bar wa talotalo jan wuya har yau. Ku kuma ku riƙe: mai kwaɗayi, da bakinka kaɗai za ka juya shi.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan bindin talotalo.