Sarki Haliru Da Ƙofofin Teku

A zamanin da, can a gaɓar wata teku mai sanyi, an yi wata ƙasa wadda gonakinta suke kwance ƙasa da ruwa. Wata doguwar ganuwa ce ta tare tekun, an yi mata ƙofofin katako, kuma bisa al'ada babu mai ba da umarnin buɗe su sai sarki.

Sarkin ƙasar, Haliru, a fagen fama ya girma. Tun yana yarima mahaifinsa ya damƙa masa runduna, ya kwana a laka tare da dakaru, ya sha sara a kafaɗa. Shekarar da abokan gaba suka fi ƙarfinsu, shi ya nemo izini aka buɗe ƙofofin, teku ta shigo ta raba su da maƙiya. Aka yi ta yi masa kiɗa da kirari. Bayan an gama murna, sai ya shiga kwalekwale ya bi ta kan garuruwan da ruwa ya ci. Ruwan garau, shiru kamar mai barci. Yana leƙawa yana ganin rufin gidaje, kifaye na shiga ta tagogi suna fita, rassan itatuwa na kaɗawa a hankali alhali ba iska. Mutanen garuruwan kuwa suna tsaitsaye a kan ganuwa da ƙullin kayansu, suna kallonsa.

Da ya hau gadon sarauta, wannan kallo bai sake shi ba. Ya kira Waziri Badamasi, dattijon da ya yi wa mahaifinsa hidima, ya ce yana so kowane gari ya zaɓo wakili a kafa majalisa, a rubuta doka cewa sarki ba zai buɗe ruwa ko ya ɗaura yaƙi ba sai da yardarta. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce sarki adali ba ya bukatar mai tsawata masa, kuma ikon da aka gada daga kakanni bai kamata a raba wa masunta da fatake ba. Sarki bai ja da shi ba.

Wata safiya fada ta cika, sai Sarki ya ce a buɗe ƙofar gabas kafin azahar, yana sha'awar ganin ruwa. Ƙarƙashin ƙofar nan kuwa garin Waziri yake, can 'ya'yansa da jikokinsa suke. Fadawa suka dubi juna, sa'an nan suka ce daidai ne. Alƙali ya sunkuyar da kai. Waziri ya rarrafo gaba.

"Ranka ya daɗe, me suka yi?"

"Ba su yi komai ba. Nuna mini dokar da ta hana ni, in fasa."

Waziri ya laluba duk abin da ya sani, bai samu ba.

"Ba zan buɗe ba, Waziri," in ji Sarki a hankali. "Amma ban san wanda zai zauna nan bayana ba, kai ma ba ka sani ba."

Waziri da kansa ya zauna da malamai suka tsara dokar, har ya ƙara sharuɗɗan da Sarki bai ambata ba.

Ba a daɗe ba, sarkin maƙwabta ya kama jiragen fataken ƙasar. Jinin soja ya motsa wa Haliru, ya sa sulke ya je gaban majalisa neman izinin yaƙi. Wata dattijuwa mai sayar da cuku, Inna Tasalla, wadda garinsu ya zaɓo wakiliya, ta miƙe ta ce a fara aika jakada, domin samarin da za a tura ko shuka ba su gama ba. Aka ɗaga hannu, mafi yawa suka bi bayanta.

Dakaru na jiransa a ƙofar zaure, kalma ɗaya ta isa su bi shi duk inda ya nufa. Sarki ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan takobi. Can ya kwance sulken, ya ce wa Waziri ya shirya, shi ne jakadan.

Kafin girbi jiragen suka dawo, iska ta cika fararen ƙyallayen da ke tura su, Waziri na zaune a na gaba. Tsofaffin da suka ba da labarin nan sun ce a wannan rana, cikin jama'a Sarki ya tsaya a bakin gaɓa, har wata mata da ke ƙoƙarin hango ɗanta a cikin jiragen ta ce masa, "Malam, ɗan matsa mini." Shi kuwa ya matsa.