Makullin Inna Mai Hoto

Kai da ka ɗauka takardar da ke rataye a bangon ofishinka ta ba ka izinin toshe kunne, da kai nake yau. Ba zan kama suna ba. Kana kashe mutane, hannunka fes, ko ɗigon jini babu. Zauna ka karanta.

Akwai wani likita a wani babban asibiti, ma'aikata suna ce masa Dakta Kwamfuta. A gida kuwa Auta ne, don yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da keken ɗinki ta yi ta fama har ya zama likita. Ran wannan yayar labarin nan zai ci, gara in faɗa muku tun yanzu.

Dakta ya samu tallafin bincike daga wata gidauniya, don ya haɗa manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ta duba hoton ƙirji ta faɗi ko akwai cuta. In ta nuna ja, a tsaya a ga likita. In ta nuna kore, a tafi gida. Yadda ake koya mata shi ne a zuba mata dubban tsofaffin hotuna, a ce wannan na mai ciwo ne, wancan na lafiyayye, har ta gane bambancin da kanta.

Kusan duk hotunan nan mace ɗaya ce ta ɗauke su. Inna Mai Hoto, shekara ashirin da shida a ɗakin ɗaukar hoto. Ba ta da digiri, amma daga jin tarin mutum, da yadda yake haki in ya hau matakala biyun nan na bakin ƙofa, ta san wanda ƙirjinsa ya lalace.

Da yake wani tsohon likita ne shi kaɗai ke duba tulin hotunan, Inna ta fito da wata dabara. In ta ga wanda bai kwanta mata a rai ba, sai ta ɗora ɗan makullin akwatinta a kusurwar farantin ɗaukar hoton kafin ta ɗauka. Ƙarfe fari yake fitowa a hoto. Likita na ganin makulli sai ya fara da wannan. Kuma da wuya Inna ta yi kuskure.

Da aka gwada manhajar a kan tsofaffin hotuna, cikin ɗari ta ci casa'in da takwas. Dakta har tafiyarsa ta canza.

Saura mako uku mutanen gidauniya su zo, Inna ta same shi a ofis.

"Likita, ina da magana. Anya abin nan naka huhu yake kallo? Ina jin makullina yake kallo."

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ɗalibansa biyu suna zaune suna ji.

Dakta ya yi dariya. "Inna, aikinki ki ce wa mutum ya ja numfashi ya riƙe. To ke ma ja ki riƙe."

Ɗaliban suka tuntsire.

"Ɗana, gwaji nake roƙo, ba gardama ba. Ka tsaya kai da kake lafiya in ɗauke ka da makulli a gefe. Minti biyar."

"Ni ba ɗanki ba ne. Kin taɓa kunna kwamfuta ba a nuna miki ba?"

Ku ji inda raina yake ɓaci. Dakta ba wawa ba ne, ya gane maganar tana iya zama gaskiya. Amma in gaskiya ce, sai an goge makulli daga dubban hotuna a sake koyarwa, wata shida ke nan, ga baƙi suna tafe da alkawarin tallafi zagaye na biyu. Sai ya zaɓi kada ya sani. Kafin ƙarshen mako takarda ta fito, an mayar da Inna ɗakin ajiye fayil, can ƙarshen baranda kusa da banɗaki. Aka kawo wata sabuwar ma'aikaciya, wadda ba ta san zancen wani makulli ba.

Baƙi suka zo, suka tafa, suka ɗauki hotuna da shi. Don ya nuna musu layi ya ragu, Dakta ya kafa doka: duk wanda manhaja ta ba kore, kada ya jira likita.

Layi kuwa ya ragu. Kowa kore.

Ana haka yayarsa ta zo da tarin da ya ƙi jin magani wata biyu. Da kansa ya riƙo hannunta har gaban kwamfuta, yana faɗin, "Yaya, yau za ki ga abin da kekenki ya haifa." Aka ɗauka. Kore.

"To alhamdu lillahi," in ji ta. "Auta, wato ƙurar yadi ce kawai?"

"Ƙurar yadi ce. Ki rage aiki."

Bai ko ɗaga hoton ya kalla da idonsa ba. Kallon ai zai zama kamar bai yarda da abin da ya haɗa ba.

Suna fita ta baranda Yaya ta yi tari. Inna ta ji daga cikin fayil-fayil ɗinta, ta fito da sauri har tana tuntuɓe.

"Likita, baiwar Allahn nan, a sake duba ta."

"Inna, fayil ɗin sun ƙare ne?"

Yaya ta ce, "Haba Auta, babba ce fa." Ya ja ta suka wuce.

Bayan wata bakwai aka kawo Yaya a kwance a bayan mota, tana tofar da jini. Tsohon likitan nan ya duba sabon hoton, ya cire tabarau ya ajiye. Ciwon daji ne, ya cinye huhu ɗaya ya tsallaka zuwa ɗayan. Ya sa aka nemo hoton farko. Ga tabon nan a fili, bai fi kan babban yatsa ba.

"Da a lokacin ne, da mun yanke shi," ya ce. "Wa ya duba wannan hoton?"

Dakta ya juya ya fita.

Ran nan da rana Dakta ya shiga ɗakin hoto, ya ce wa sabuwar ma'aikaciya ta ɗauke shi. Kore. Ya ciro makullin motarsa ya ɗora a kusurwa, ya ce ta sake. Ja.

Minti biyar ɗin ke nan da aka roƙe shi.

Yaya ba ta taɓa zarginsa ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Kwana biyu kafin ta cika ta kamo hannunsa ta ce, "Auta, ka sake tambayar na'urar taka mana. Ita ai ta ce lafiyata ƙalau. Ƙila waɗannan likitocin ne ba su iya ba."

Ana zaman makoki wasiƙar gidauniya ta iso: an amince da zagaye na biyu, ana taya shi murna.

Da ya koma aiki ya tarar da kwali uku a kan teburinsa, Inna na tsaye a gefe.

"Allah ya ji ƙan Yaya," ta ce. "Waɗannan fayil ɗin waɗanda abinka ya sallama ne tun ranar da ka kore ni. Ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Na yi ta kiran lambobinsu da wayata. Wasu sun dawo. Wasu 'ya'yansu ne suka ɗauka. Ba hutu za ka nema ba, likita. Ja kujera, ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ka kalla."

Darasi: Na'ura abin da ka zuba mata take koya, har da abin da ba ka san ka zuba ba, kuma wanda ya sani sau da yawa shi ne ƙaramin ma'aikacin da kake jin kunyar a gan ka kana saurarensa. A ba da tallafin bincike, a haɗa manhajoji, ba mu ƙi ba. Amma wanda ya ƙi gwajin minti biyar don kada tallafi ya kuɓuce masa, kisa ya yi, ko kotu ba ta kira shi ba. Ku tura wa duk wani oga da kuka sani. In kuma akwai mai cewa a wurin aikinsa ba a taɓa rufe bakin mai gaskiya don baƙi suna tafe ba, ga fili nan a ƙasa, ya fito ya ƙaryata ni da sunansa.